Daga Hannun Marubuci Zuwa Maɗaba'a: Tarihin Littafin Yara Mai Hotuna da Matsayinsa a Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban yara 'yan aji ɗaya ko aji biyu da nufin koya musu karatun Hausa, ya san abin da ya fi ƙaranci a hannunsa, wato littafin da yaro zai ɗauka don kansa, ya buɗe, ya kalla, ya yi dariya, tun kafin ya iya haɗa baƙi da wasali. Littattafan koyon karatu akwai su, ko da ba su wadata ba. Amma littafin labari mai hotuna har yanzu nemansa ake yi ruwa a jallo. Wannan muƙala za ta bi diddigin yadda irin wannan littafi ya samo asali, da yadda al'adar shirya shi da miƙa shi ga kamfanin ɗab'i ta kafu a ƙasashen da ta kafu, sannan ta dubi dalilan da suka sa tarihin wallafa a Hausa ya bi wata hanya dabam.

Ya kamata tun daga farko a bambanta abubuwa biyu da akan haɗa su a kwando ɗaya. Akwai littafin da aka rubuta labarinsa ya kammala, daga baya aka sanya masa zane nan da can don ƙawata shi. Idan aka cire zanen, labarin yana nan daram. Akwai kuma littafin da zane da rubutu suke ɗaukar nauyin labarin tare, ta yadda idan aka cire ɗaya, ɗayan ba zai iya tsayawa shi kaɗai ba. Wannan na biyun shi ake nufi da littafin yara mai hotuna a cikin wannan nazari, kuma shi ne wanda adabin Hausa ya fi talauci a kansa.

2.0 Asalin Littafin a Ƙasashen Turai

Masana tarihin adabin yara sukan fara lissafi daga littafin Orbis Sensualium Pictus na John Amos Comenius, wanda aka buga a birnin Nuremberg na ƙasar Jamus a shekarar 1658. Littafi ne na koyar da harshe, cikin Latin da Jamusanci, mai babi 150. Kowane babi yana da hoto, an sanya wa abubuwan da ke cikin hoton lambobi, sannan a cikin rubutu yaro zai tarar da lambar a gefen sunan abin. Abin lura a nan shi ne, kakan littattafan yara masu hotuna littafin koyon harshe na biyu ne. Wannan batu ya shafi aikin wannan cibiya kai tsaye, kuma za a dawo kansa.

A shekarar 1744 John Newbery, wani mai sayar da littattafai a Landan, ya fitar da A Little Pretty Pocket-Book, yana haɗa shi da ƙwallo ga yara maza, da ɗan matashin soka allura ga yara mata. Da wannan ne littafin yara ya zama haja ta kasuwa. Bayan fiye da shekara ɗari, wani gwanin ɗab'i mai launi, Edmund Evans, ya jawo masu zane irin su Walter Crane da Kate Greenaway da Randolph Caldecott. Caldecott ya fitar da littattafai 16 daga 1878 zuwa 1885, biyu a kowace shekara, kuma shi ake dangantawa da dabarar barin hoto ya faɗi abin da rubutu ya yi shiru a kansa.

2.1 Labarin Beatrix Potter

Idan ana son a fahimci abin da ke tsakanin marubuci da kamfanin ɗab'i, babu misalin da ya kai na Beatrix Potter, don haka za a ɗan dakata a kansa. A watan Satumba na shekarar 1893 ta rubuta wa wani yaro ɗan shekara biyar wasiƙa, ɗan matar da ta taɓa koyar da ita a gida, yana kwance ba shi da lafiya. A cikin wasiƙar ta ba shi labarin wani ɗan zomo mai ƙiriniya da ya shiga lambun wani tsoho, ta kuma zana hotunan abin da ya faru. Bayan shekara bakwai ta aro wasiƙar, ta faɗaɗa labarin, ta aika wa kamfanonin ɗab'i. Akalla kamfanoni shida suka mayar mata da kayanta. Wasunsu suna son littafi mai girma da tsada, ita kuwa ta kafe a kan ɗan ƙaramin littafi da zai zauna a tafin hannun yaro, wanda kuma iyaye za su iya saya ba tare da sun ji a jikinsu ba.

Da ta ga haka, sai ta buga kwafi 250 da kuɗinta a watan Disamba na 1901, hotunan ciki baƙi da fari. A daidai wannan lokaci ne kamfanin Frederick Warne, wanda yana cikin waɗanda suka ƙi littafin da farko, ya sake shawara. Sai dai ya kafa mata sharaɗi: ta sake zana hotunan da launi, a kuma rage yawansu. Ta amince da wannan, shi kuma ya amince da ƙaramin girman da take so. A watan Oktoba na 1902 The Tale of Peter Rabbit ya fito, bugun farko kwafi 8,000, kuma kafin shekarar ta ƙare an sake buga shi.

Akwai darussa a cikin wannan labari da suka wuce zancen haƙuri da naci da aka saba ambata. Kamfanin bai karɓi littafin don tausayi ba. Ya karɓa ne bayan ya ga samfurin da aka riga aka ɗinke, ya kuma ga mutane suna nemansa. Haka kuma abin da aka yi ciniki a kansa shi ne launi da girman shafi da farashi, wato abubuwan da suke yanke hukuncin riba ko asara. Wani abin takaici kuma, kamfanin ya yi sakaci bai yi rajistar haƙƙin mallakar littafin a Amurka ba, sai masu satar fasaha suka yi ta buga shi a can ba tare da marubuciyar ta sami ko ƙwandala ba. Duk wanda ya san kasuwar littattafai a Nijeriya ba zai ji wannan ɓangare a matsayin baƙon labari ba.

2.2 Yadda Al'adar Miƙa Littafi ta Daidaita

A cikin ƙarni na 20 hanyar miƙa littafin yara ga kamfani ta zama mai ƙa'idoji a Ingila da Amurka. Mafi yawan irin waɗannan littattafai shafi 32 ne, kuma dalilin haka yana cikin maɗaba'a: babbar takarda ake bugawa, a ninke ta, ta ba da shafi 8 ko 16, don haka duk adadin da bai rabu da 8 ba ɓarnar takarda ne. Idan aka cire shafin suna da na bayanin haƙƙin mallaka, abin da ya rage wa labari bai wuce buɗi 14 ba, wato shafuka biyu-biyu masu fuskantar juna. Dole marubuci ya raba labarinsa a kan wannan ma'auni, ya kuma san inda zai tsaya don yaro ya ƙagara a juya shafi.

Wanda ya haɗa rubutu da zane yakan miƙa samfurin littafi: ya ninke takardu su ba da shafi 32, ya yi zanen fensir a kowane shafi, ya manna rubutun a inda zai zauna, ya kammala hoto biyu ko uku da launi don a ga hannunsa. Wanda kuwa rubutu kaɗai ya iya, rubutun kaɗai yake aikawa, domin a al'adar waɗannan kamfanoni edita ne yake zaɓar mai zane, kuma sau da yawa marubuci da mai zane ba sa haɗuwa. Kason da ake ba su daga kuɗin kowane kwafi yawanci raba shi suke yi biyu daidai, abin da ke nuna cewa an ɗauki mai zane a matsayin abokin wallafa.

Bajekolin littattafan yara na birnin Bologna a ƙasar Italiya, wanda aka fara a 1964, ya ƙara wa wannan sana'a wata dabara. Ɗab'i mai launi farantai huɗu yake buƙata: shuɗi da ja da rawaya da baƙi. Idan aka keɓe rubutu a kan faranti na baƙi, to kamfanoni daga ƙasashe dabam-dabam za su iya haɗa kuɗi a buga hotunan gaba ɗaya, a riƙa sauya farantin rubutu kawai ga kowane harshe. Da haka ne ƙananan harsunan Turai, waɗanda masu magana da su ba su kama ƙafar Hausawa ba wajen yawa, suka sami littattafan yara masu launi a farashi mai sauƙi.

3.0 Ƙasar Hausa: Hukuma ce ke Neman Marubuci

Yaron Bahaushe bai rasa adabi ba kafin zuwan boko. Yana da tatsuniya a bakin kaka, da Gizo da Ƙoƙi da kura da dila, yana da kacici-kacici da waƙoƙin gaɗa. A makarantar allo kuma ya san rubutu, ya san zayyanar da ake yi wa allon sauka. Abin da bai sani ba shi ne labari a cikin littafi da aka yi domin shi. Tarin tatsuniyoyin da aka fara bugawa, kamar Magana Hausa na J. F. Schön a 1885, da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar mai juzu'i uku daga 1911 zuwa 1913, da wanda R. S. Rattray ya fitar a 1913 daga rubutun Malam Shaihu a ƙasar da ake kira Gana a yau, duk an yi su ne don Turawa masu koyon Hausa da masu nazarin al'adu.

Bayan Hanns Vischer, wanda Hausawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, sai buƙatar littattafan karatu ta taso. Wannan buƙata ce ta haifar da Hukumar Fassara a 1929, wadda ta rikiɗe ta zama Hukumar Talifi a Zariya a 1933 ƙarƙashin Dokta Rupert East. A nan ne tarihin wallafa a Hausa ya rabu da na Turai. Beatrix Potter ita ta bi kamfanoni tana ƙwanƙwasa ƙofa. A Arewacin Nijeriya kuwa East ne ya bi garuruwa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai, ya kuma shirya gasar 1933 wadda ta samar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A 1936 aka ɗauko Imam daga aikin koyarwa a Katsina zuwa Zariya don ya rubuta littafin karatu na makarantu, wanda ya fito da sunan Magana Jari Ce cikin juzu'i uku daga 1937 zuwa 1939.

Babu mai musun darajar waɗannan ayyuka. Amma tsarin da ya haife su ya bar gado mai nauyi. Hukuma ce take tantance abin da ake buƙata, ita take neman marubuci, ita take gyara, ita take bugawa, kuma makarantun En'e su ne masu saye. Marubuci bai koyi auna kasuwa ba, bai koyi shirya samfuri ba, domin babu wanda ya buƙaci haka daga gare shi. Mai zane kuwa ma'aikaci ne a maɗaba'a, wanda ake miƙa wa rubutun da aka riga aka gama. Bayan kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, Jacqueline de Naeyer, 'yar ƙasar Beljiyam, tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki na zane a Zariya. Hotunan wancan zamani baƙi da fari ne, ɗaya a nan ɗaya a can, suna raka labari. Magana Jari Ce, duk da aku da sarakunan da ke cikinsa, littafi ne na yaron da ya riga ya iya karatu sosai. Ɗan shekara biyar ba shi da rabo a ciki sai dai a karanta masa.

Wasu sukan danganta ƙarancin hotuna a littattafan Hausa da ƙyamar zanen abu mai rai da ake samu a tsakanin wasu malaman addini. Ba a musun cewa akwai wannan ra'ayi. Sai dai a ganina an ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, tana ɗauke da hotunan mutane, kuma littattafan makaranta masu zanen mutane da dabbobi sun shiga gidajen Hausawa shekaru aru-aru ba tare da an kore su ba. Matsalar ta fi kusa da kuɗin ɗab'i da kuma wanda yake biyansa.

3.1 Daga NORLA Zuwa NNPC

A farkon shekarun 1950 aka kafa hukumar NORLA domin ta samar da abin karantawa ga waɗanda suka fito daga azuzuwan Yaƙi da Jahilci. Ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna masu yawa, amma hankalinta yana kan manya, kuma aka rufe ta a 1959. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC a Zariya bisa haɗin gwiwar Kamfanin Gaskiya da Macmillan. Shi ya gaji tsofaffin littattafan, ya ci gaba da buga jerin Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, waɗanda Hausawa da yawa suka buɗe ido da su, ya kuma fitar da sababbi irin su Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969. A farkon shekarun 1970 kamfanin Oxford University Press da ke Ibadan ya buga Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, littafi na ɗaya zuwa na shida. Wannan jeri shi ne ya fi kusantar yaro ƙarami, domin daga bakin al'umma aka ɗauko kayan cikinsa, aka kuma jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Duk da haka a matsayin littafin aji aka shirya shi.

Akwai wani abin mamaki a tarihin Zariya da bai kamata a wuce shi ba. A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kuma a 1958 ɗaliban wannan sashe, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta sauya alƙiblar zane a Nijeriya. Ke nan gari ɗaya ya haɗa babbar maɗaba'ar Hausa da babbar makarantar zane ta ƙasa. Amma amfanin wannan makaranta ya fi bayyana a littattafan Ingilishi. Onobrakpeya ne ya yi zanen An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi a 1962, littafin da manazarta suka daɗe suna nuna kusancin labarinsa da na Jiki Magayi. Ashe labari mai tushe a ƙasar Hausa ya sami gwanin zane, amma sai da ya sanya rigar Ingilishi.

A ɓangaren Ingilishi kuwa abubuwa sun ci gaba. Chinua Achebe da John Iroaganachi sun fitar da How the Leopard Got His Claws a 1972. Mabel Segun ta kafa ƙungiyar adabin yara ta Nijeriya a 1978. A ƙasar Gana, Meshack Asare, wanda yake rubutawa ya kuma zana da hannunsa, ya ci kyautar Noma a 1982 da littafinsa The Brassman's Secret. A daidai wannan lokaci gasannin da aka shirya don Hausa, wato ta NNPC wadda ta samar da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed a 1980, da ta Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya wadda ta samar da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982, duk littattafan manya da matasa suka haifar.

4.0 Manufar Ilimi da Durƙushewar Kasuwa

Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda aka sabunta a 1981 da 1998 da 2004, ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a farkon firamare, ta kuma ƙarfafa kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarbanci baya ga harshensa. A takarda, wannan kasuwa ce mai faɗi. Sai dai kamfanoni sun karanta manufar da idon ɗan kasuwa: littafin da ma'aikatar ilimi ta sanya a jerin na dole shi ake saye da yawa, littafin nishaɗi kuwa sai iyayen da suka ga dama. Don haka duk marubucin da ya kai labarin yara, tambayar farko da yake fuskanta ita ce ko wane aji ne zai yi amfani da shi.

Daga 1986, lokacin da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta faɗi, takarda da tawada da farantan ɗab'i da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin ba su iya cike gurbin ba. Manyan kamfanoni suka janye zuwa littattafan jarrabawa. Marubutan Hausa kuwa suka nema wa kansu mafita, suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu, abin da ya haifar da Adabin Kasuwar Kano. Wannan yunƙuri ya yi kama da abin da Potter ta yi a 1901, kuma ya tabbatar da cewa akwai masu karatun Hausa da za su sayi littafi ba tare da umarnin malami ba. Amma bai taɓa yara ƙanana ba, kuma dalilin a fili yake. Labarin soyayya rubutu ne zalla a kan takarda mai araha, launi a bango kawai. Littafin yara kuwa yana buƙatar launi a kowane shafi, da takarda mai kauri wadda tawada ba za ta ɓullo ta bayanta ba, da ɗinki mai ƙarfi, da kuɗin mai zane kafin a sayar da kwafi ko ɗaya. Ƙaramin jari ba ya ɗaukar wannan.

A 1988 aka haɗe hukumar bunƙasa littattafai da cibiyar harsuna da wasu hukumomi biyu aka samar da NERDC, a 1993 kuma aka kafa cibiyar harsunan Nijeriya a Aba. Aikinsu ya fi karkata ga manhaja da daidaita rubutu da horar da malamai. Kyautar adabi ta kamfanin NLNG, wadda aka fara a 2004, takan zagayo kan adabin yara duk bayan shekara huɗu, amma littattafan Ingilishi take karɓa.

5.0 Zamanin Masu Ba da Tallafi

Daga tsakiyar shekarun 2010 aka ga wani sabon motsi. Shirin Mu Karanta, wanda hukumar raya ƙasashe ta Amurka ta ɗauki nauyinsa a jihohin Bauchi da Sakkwato daga 2015, ya samar da littattafan ɗalibai da jagoran malamai na Hausa don aji ɗaya zuwa uku. A intanet kuma African Storybook, da aka ƙaddamar a Afirka ta Kudu a 2014, da StoryWeaver na ƙasar Indiya a 2015, sun buɗe ƙofar fassara labarai masu hotuna zuwa Hausa kyauta, domin an saki haƙƙin mallakarsu ga kowa. A zahiri wannan ita ce dabarar Bologna a sabon salo: hoto ɗaya, harsuna da yawa.

An amfana da waɗannan ƙwarai, amma suna da tasu illa. Da farko, tsari ne irin na East: mai kuɗi ya tara marubuta a taron bita, ya ba su adadin kalmomi, ya biya su, ya raba littafin kyauta. Ranar da tallafi ya tsaya, ɗab'i ya tsaya, kamar yadda aka gani da rushe hukumar ta Amurka a 2025. Na biyu, hoton da aka zana don yaron wata ƙasa ba kullum yake zama daidai a ƙarƙashin rubutun Hausa ba. Na taɓa ganin shafin da rubutunsa ya ce uwa tana tuƙa tuwo, alhali matar da ke cikin hoton tana tsaye gaban murhun lantarki da cokali mai yatsu a hannunta. Yaran ajin ba su yi wata-wata ba suka tambayi malamarsu ina muciya.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, kamar ɗaliban da ke kudancin ƙasar nan. Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutun yau da kullum. Kalmar gari tana iya zama mazaunin jama'a, tana iya zama abin da aka niƙa. Kalmar fari tana iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko ƙwarin da ke cinye amfanin gona. Yaron Kano yana warware wannan da kunnensa. Yaron Aba ko na Abekuta ba shi da abin dogaro sai hoto, kamar yadda yaran Comenius suka dogara da shi wajen koyon Latin. Idan hoton ya yi ƙarya, darasin ya rushe. Haka nan idan maɗaba'a ba ta da baƙaƙe masu lanƙwasa, ta mayar da ƙafa kafa, ta mayar da ɓata bata, to an koya wa yaro kuskure da tawada mai kyau.

6.0 Halin da Marubuci ke Ciki a Yau

A watan Nuwamba na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya sanar da janye wannan manufa da komawa ga Ingilishi a matsayin harshen koyarwa. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan mataki, tasirinsa a kan mai buga littafi a bayyane yake. Littafin yara mai launi yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu daga karɓar rubutu zuwa fitowarsa, kuma sai an sayar da dubban kwafi kafin a mayar da kuɗin zane da na farantai. Kamfanin da ya ga manufa ta sauya cikin shekara uku zai yi dogon nazari kafin ya zuba jari a Hausa.

Saboda haka marubucin Hausa da ke riƙe da labarin yara a yau yana buƙatar ya je wa kamfani da abin da magabatansa ba su taɓa buƙata ba. Rubutu kaɗai ba zai wadatar ba, domin kamfanoninmu kaɗan ne suke da editan da aikinsa shi ne haɗa marubuci da mai zane. Gara ya nemo mai zanen da ya san zaure da rumbu da yadda ake naɗa rawani, su rubuta yarjejeniyar kason kowannensu tun kafin a ja layi ɗaya, su ninke samfuri mai shafi 24 ko 32, su karanta shi ga yara a aji biyu ko uku su ga inda hankalinsu yake kaucewa. Idan an keɓe rubutun a kan baƙin faranti, yana iya gaya wa kamfani cewa hotunan nan za su ɗauki Hausa da Fulatanci da Kanuri a bugu ɗaya, kuma za su iya tsallakawa Jamhuriyar Nijar, inda aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, muddin an kula da ɗan bambancin ƙa'idar rubutu da ke tsakanin ƙasashen biyu, kamar yadda ake rubuta 'y a nan, ƴ a can. Idan kuma kamfanoni sun mayar masa da samfurin ya yanke shawarar bugawa da kansa, to lambar ISBN a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓarta, kuma doka ta wajabta masa ajiye kwafi uku a can bayan littafin ya fito.